Katin Kawu Lafiyarsa Ƙalau

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa da ke Nahuce, cikin zafin bazara, bayan jinyar kwana huɗu. Kafin la'asar an gama komai.

Ban yi kuka ba. Gara in faɗi wannan tun farko. Inna, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Matarsa, da muke ce wa Gwaggo, ta jingina da bango tana amsa gaisuwa da ka kawai. Ni kuwa ruwa nake ta ɗiba da moɗa ina miƙa wa mutane. Randa ta ƙare na sa aka cika, ta sake ƙarewa na sake sawa. Wata daga cikin dangi ta ce wa Inna ɗiyar nan taki akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, jikina ne kawai ya mutu.

Kowa da Kawun da ya zo yi wa gaisuwa. Tsofaffin Nahuce mai gyaran rediyo suka sani, wanda ya sa garin ya fara jin labaran duniya da safe. Wani makiyayi ya taso tun daga wajen Rawayya da ƙafa, ya tsaya a zaure ya aiko a gaya wa Gwaggo cewa rediyon da marigayi ya yi wa eriya da silin keke shekara goma da suka wuce har yanzu tana magana. Ma'aikatan ofisoshin Gusau sun zo da motoci suna ta kiransa Injiniya, sunan da yake hana su kira tun yana raye. Wata maƙwabciya kuma, ko dawowa daga maƙabarta ba a yi ba, ta matso ta tambaye ni wa zai gaji shagon. Na kalle ta har sai da ta tashi ta canza wurin zama.

Kafin a ɗauke shi, liman ya roƙi jama'a su yafe masa, aka shigo da saƙon cikin gida wurin mata. Kowa ya amsa, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ma na ji bakina ya faɗa tare da su. Sai dai ni ba ni da abin da zan yafe wa Kawu. Ni ce na zalunce shi, na yi wata bakwai ina cewa gobe zan roƙe shi, kuma a ranar jana'iza ba wanda ke tambayar mamaci ko shi ya yafe.

Da maza suka dawo, na tare babban ɗansa a bakin zaure na tambaye shi inda aka sa Kawu, tunda mu mata ba ma zuwa, abin da aka gaya mana shi muke riƙewa. Ya ce layi na biyu. Ƙaninsa da ke bayansa ya ce a'a, na biyar ne. Suka fara musu ƙasa-ƙasa, sai daga baya suka gane ɗaya daga ƙofa yake ƙirgawa, ɗayan kuma daga gindin tsamiya. Na ajiye moɗar a kan randa na zagaya bayan ɗaki na tsaya. A kan irin wannan ƙirgar ce na ci mutuncin mahaifinsu, su kuma ba su sani ba.

Kawu bai yi boko mai nisa ba. Daga firamare ya kama gyaran rediyo, daga nan rikoda, daga nan talabijin da bidiyo. Kullum da safe yakan hau mota daga Nahuce zuwa shagonsa a Gusau, ya koma kafin magariba, don ya ce shi ba zai iya barci a garin da ba ya jin kukan shanu ba. Da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da ofisoshi, ofisoshin suka cika da kwamfutoci, yawancinsu na hannu. In ɗaya ta lalace sai an ɗauke ta zuwa Kaduna ko Kano. Kawu, da farin gemunsa, ya samo wata matacciya ya ɗora a tebur ya yi wata biyu yana kallon cikinta, yana taɓa nan yana taɓa can. Abokan sana'arsa suna ta yi masa dariya. Ranar da ta tashi, shayi kawai ya sa aka kawo wa duk 'yan layin.

Kafin ya taɓa kowace na'ura sai ya shinshina ta. Wallahi da hanci yake gane abin da ya ƙone tun bai ɗauko mitar gwaji ba. Kusoshin da ya kwance yakan jera su a murfin gwangwanin madara bi da bi, na farko a dama, kuma kada Allah ya sa ka motsa masa murfin nan. Ba ya buɗe kayan mutum sai mai shi yana tsaye, ko da kuwa zai jira shi kwana uku. Ga shi da nawa. Ya cire abu ɗaya, ya yi bismilla ya kunna, ya duba, ya kashe, ya mayar, sannan ya cire na gaba. “Ɗaya-ɗaya,” abin da yake cewa ke nan, har 'yan layin suka mayar da ita sunansa a bayan idonsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da garaje da saurin baki, nawar nan tana ƙona mini rai.

Da tafireta na fara aiki, ina buga wa mutane wasiƙu. Kawu ne ya ga cewa tafireta ta kusa zama tarihi. Ya zo gidanmu a Damba Juma'a uku a jere, ya zauna a zaure da maigidana, bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi ba sai da aka amince in je Kaduna kwas na wata shida. Da na dawo ya ware mini tebur a ƙuryar shagonsa. Mutane suna leƙowa suna ganin mace da sukudireba a hannu, wasu su yi tsaki, wasu su juya da kayansu. Shi dai sai ya ce ɗiyarsa ce, ta fi shi Turanci, wanda bai yarda ba ga hanya nan. Maigidana ya kafa sharaɗi ɗaya, duk aikin da ya kai wajen gari sai da rakiyar Kawu. Kawu ya ce ya ji ya ɗauka.

Haka muka yi aiki, ni ina karanta masa takardun da ke zuwa da kaya, shi yana juya su zuwa tasa fahimtar. Kuma sau da yawa sai bayan ya juya ɗin nake gane abin da na karanta, ko da yake a lokacin ko yanka ni za a yi ba zan amsa haka ba. Na dawo da takardar shaida, kaina ya kumbura.

Akwai abin da ya yi ta nanata mini. Duk katin da za a ƙara wa kwamfuta, na firinta ne ko na sauti, yakan zo da wani ɗan faifai da ake ce wa filofi, a ciki akwai 'yar manhajar da ake kira direba, ita ce ke sa kwamfutar ta iya magana da katin. Kawu ya ce direban nan ba shi da ido. Yana jin kati yana amsa masa, amma bai san a wane gurbi aka soke shi a jikin babban allon cikin kwamfutar ba sai an gaya masa. Mai gaya masa kuwa wani ɗan baƙin abu ne a kan allon, bai fi kan babban yatsa ba, ana ce masa Bayos. Tun daga inda aka ƙera allon aka rubuta jerin gurabe a cikinsa, wannan shi ne na ɗaya ga layin da zai bi ya yi kira, wancan na biyu, har ƙarshe. Da an kunna, kwamfuta ta karanta jerin ta miƙa wa direba, abin da aka miƙa masa shi zai rubuto maka a sikirin. Ya ce kamar baƙo ne da ya shigo gari ya tambayi mai unguwa gidan wane, aka ce masa gida na uku, bai kuwa tambayi daga wane ɓangare aka fara ƙirga ba.

“Na'ura ba ta yin ƙarya, ɗiyata,” in ji shi, “amma in anka yi mata, tana maimaitawa da zuciya ɗaya.”

Na ce to. A raina kuwa na ce surutun tsofaffi ne, mu a Kaduna an koya mana a karanta sikirin a yi abin da ya ce.

A daminar shekara ta biyu da samun jiha aka kira mu Tsafe. Wani Alhaji ne mai shagon buga takardu kusa da tasha, tsawa ta faɗa a unguwarsu, tun daga nan kwamfutarsa da an aika mata aiki sai ta sandare. Firinta biyu gare shi, kowace da katinta, katunan kuma iri ɗaya ne sak. Ɗaya da shi kwamfutar ta zo, ɗayan na hannu ne da Kawu ya saka masa wata biyu kafin nan, lokacin ina gida ba ni da lafiya. Muka tarar shagon cike da mutane, wasu suna jiran takardun gayyatar ɗaurin auren da za a yi jibi, ransu a ɓace.

Na buɗe, na saka filofin direba na gwada. Sikirin ya rubuto cewa katin da ke gurbi na ɗaya ba ya amsawa daidai. Na leƙa allon, ga lamba ɗaya nan an buga da farin rubutu kusa da gurbin sama, kuma katin da ke cikinsa shi ne wanda Kawu ya saka. Na kai hannu.

“Dakata, ɗiyata,” in ji Kawu. “Allon ga daga ƙasa jerinsa ke ƙirga. Ranar da na saka katin na gani, na soke shi a na ɗaya, direba ya ce mini na huɗu. Mu cire ɗaya-ɗaya mu gani.”

Da na yi shiru na bi maganarsa, minti goma ne. Amma ga mutane suna kallo, ga Alhaji tsaye a kaina, ga sikirin ya rubuta abin da ya rubuta da Turancin da ni kaɗai ke karantawa a ɗakin.

“Kawu, wannan fa ba rediyo ba ce,” na ce.

Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, shi ya sa ban tsaya nan ba. Na ƙara da cewa matsalar kayan hannu ke nan, ka saka yau gobe ya ja maka asara. Alhaji ya juya ga Kawu ya ce ashe tsohon kaya ya liƙa masa, ya kamata dattijo ya san inda iyakarsa take, ya bar masu ilimin abin su yi. Kawu ya tattara kayansa. Ya rufe murfin gwangwaninsa, ya rataya jaka, ya ce mini yana waje in na gama.

Ana haka aka kira la'asar, kowa ya tafi masallaci, aka bar ni ni kaɗai da kwamfutar. Na cire katin Kawu na kunna na aika aiki. Ta sandare. Na kashe na sake kunnawa, ta sake sandarewa. Na mayar da katinsa, na cire na gurbin ƙasa mai lamba huɗu, na kai shi hanci kamar yadda yake yi. Ƙauri. Na kunna, firinta ta fara zuba takardu kamar ba abin da ya taɓa samunta.

Na rufe kwamfutar na ɗaure kusoshi. Da Alhaji ya dawo ya ga takardu suna fita, ya ɗauki ƙonannen katin daga kan tebur ya juya shi ya tambaye ni ko shi ne na tsohon. Katunan iri ɗaya ne, ba mai iya bambancewa. Na ɗaga masa kai alamar e.

Na sami Kawu a kan benci wajen mai gasa masara yana jirana. Muka shiga mota. Sai da muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi sannan ya tambaye ni ko kwamfutar ta tashi. Na ce ta tashi. Ya ce alhamdu lillahi, ya karya masarar da ya saya biyu ya miƙo mini ɓangaren da ya fi girma. Ya san ba yadda za a yi ta tashi sai da katinsa a ciki. Ya san na sani. Na karɓi masarar na ci.

Daga nan mutanen Tsafe suka daina neman Kawu, ni suke aikowa a kira. Amma sharaɗin maigidana yana nan, don haka sau huɗu Kawu ya rufe shagonsa ya raka ni. Ya kai ni bakin ƙofa, ya koma bencin nan ya zauna har in gama. Maganar ta iso Gusau, na ji da kunnena wani ma'aikacin ofis yana gaya wa ɗan'uwansa ya yi hankali da tsohon, yana saka wa mutane ruɓaɓɓen kaya. Ina tsaye a wurin da jakar aiki a hannu, ban buɗe baki ba. Ni mai saurin bakin nan.

In an tambaye ni dalili, ba ni da mai kyau. Da farko daɗin suna ne, ana cewa ɗiyar ta fi kawun. Daga baya kunya ce. Kuma shi bai canza mini ba ko kaɗan, yana kawo mini nono daga Nahuce kamar kullum, yana tambayar yara, yana miƙo mini takarda in karanta masa. Da ya yi fushi ya zage ni da na sami hanyar shiga maganar. Bai yi ba, ni kuma kullum sai in ce gobe.

Da ya kwanta na je sau biyu. Ranar farko ɗakin cike yake da 'yan dubiya, na ce sannu Kawu, na zauna, na tashi. Ranar ta biyu na shirya maganata tun daga mota. Na durƙusa kusa da shi, sai ya riga ni, ya ce akwai rikodar wani malami a ƙarƙashin tebur, an gama ta, in tabbatar an ba shi kada ya yi ta zarya. Na ce to. 'Ya'yansa suna zaune, Inna tana zaune, na ce bari sai an watse. Ba a watse ba har mota ta ƙarshe ta kusa tashi. Washegari da hantsi aka aiko Damba cewa ya cika.

Bayan sadakar arba'in na roƙi maigidana ya kai ni Tsafe. Na tsaya a gaban Alhaji na gaya masa komai, daga gurbi har ɗaga kai. Ya saurare ni yana sosa gemu, sannan ya tambaye ni wane kati. Ya sayar da waccan kwamfutar tuni, ya manta da maganar gaba ɗaya. Ya ce Allah ya ji ƙan tsohon, mutumin kirki ne, tunda ma na zo in duba masa firintar nan tana cin takarda. Maganar da ta zaunar da kawuna a benci sau huɗu, shi ko tunawa bai yi ba. Na duba masa firintar, ban san me ya sa ba.

Shi ya sa nake rubuta wannan, tunda wanda ya kamata ya ji bai riƙe ba. Duk wanda ya taɓa jin an ce mai gyaran nan na Nahuce yana saka wa mutane ruɓaɓɓen kaya, daga bakina maganar ta fito, kuma ƙarya ce. Katin Kawu lafiyarsa ƙalau. Allah ya ji ƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa haƙurin da ya yi da ni ya tarar da shi a can.

Saura mutum ɗaya da ban gaya wa ba. Na je Nahuce wata safiya, na sami Gwaggo tana cikin takaba, zaune a inuwar ɗaki tana tsintar wake a tire. Na gaishe ta, na zauna a ƙasa kusa da ita, na fara. Ba ta san Bayos ba, ba ta san gurbi ba, don haka na bar duk wannan na gaya mata abin da na ce masa a gaban mutane da abin da na yi bayan sun tafi salla. Hannunta bai tsaya ba har na gama.

“Ranar da kunka fara zuwa Tsafe bai ci tuwo ba,” in ji ta. “Washegari ma bai ci ba. Na tambaye shi, ya ce motar hanya ce ta jijjiga shi. Tun daga nan duk sa'ad da za ku tafi sai na yi faɗa da shi, in ce ya bar hanyar nan, ya tsufa. Shi ko sai ya ce in bai je ba, ba a barin ki ki je.”

Ta ware wani ɗan dutse ta jefar gefe.

“Wata bakwai ina tsine wa motocin Tsafe. Ashe ke ce.”

Na ce ta yafe mini. Ta ɗago ta kalle ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

“Ni mi kinka yi mini? Wanda kinka yi wa ba ya nan.”

Ta turo tiren tsakaninmu. Na sa hannu, muka yi ta tsinta har aka kira azahar.